Malam a Aji, Malam a Gari: Kimar Malamin Makaranta a Idon Ɗalibansa, Duba daga Kausani

Akwai abin lura a yadda Kanawa ke kiran wasu daga cikin shugabanninsu. Malam Ibrahim Shekarau ya mulki Jihar Kano shekara takwas, daga 2003 zuwa 2011, ya riƙe ministan ilimi, ya je majalisar dattawa, ga kuma sarautar Sardaunan Kano, amma har yau idan magoya bayansa za su ambace shi "Malam" kawai suke cewa. A Wudil ya fara riƙe alli, yana koyar da lissafi a makarantar fasaha ta gwamnati a ƙarshen shekarun 1970, kafin ya shugabanci makarantun sakandare da dama, ciki har da Kwalejin Rumfa. Kafin shi an yi Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi da makarantar horon malamai ta Maru, ya kuma kasance cikin jagororin kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Shehu Shagari duk daga aji suka fito zuwa fagen siyasa. A wancan zamani, kalmar "malamin makaranta" shaida ce da mutum zai iya shiga da ita ko'ina a saurare shi.

Yau kuwa duk ranar 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, kuka ɗaya ake maimaitawa: darajar malami ta zube. Dalilai biyu aka fi kawowa, wato ƙarancin albashi da lalacewar tarbiyyar yaran zamani. Dukkansu akwai gaskiya a ciki, sai dai dukkansu sun fitar da malamin daga cikin lissafin, sun mayar da shi wanda abu ya faɗo wa daga sama. Matsayin wannan maƙala shi ne, kaso mai tsoka na kimar malami a hannunsa yake, kuma abin da kwalejojin ilimi ke koya masa game da gina wannan kima bai dace da inda mafi yawan malamai za su ƙare rayuwar aikinsu ba. An shirya su ne domin makarantar birni, alhali a garuruwa irin Kausani za a tura su.

Kausani ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Wudil, tare da irin su Darki da Utai da Lajawa da Indabo da Achika. Ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma kowa a yankin ya san hanyar karar Wudil ranar Juma'a. Ilimin boko ba baƙo ba ne a nan. Tsohuwar kwalejin horon malamai ta Wudil ta yaye malaman da suka cika makarantun firamare na ƙasar Kano, a garin aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda ta ƙasa. Yaron da ke firamare a Kausani yana ganin ɗaliban jami'a da malamansu, yana ganin kuratan 'yan sanda cikin kaki, sannan ya juyo ya dubi malamin ajinsa ya auna.

Abin da kalmomin suka riga suka faɗa

Hausa ba ta da kalma guda da ta tattare abin da littattafan koyar da malanta ke nufi idan suna maganar hoton da ma'aikaci ke nuna wa jama'a na kansa. Tana da kalmomi da yawa, kowace da gefen da ta kama, kuma aikatau da ke rakiyarsu sun fi kowane ma'anar ƙamus bayyana su. Mutunci ana riƙe shi, ana kare shi, ana cinsa, ana zubar da shi, har sayar da shi ake yi. Girma ana ba da shi, ana jansa, yana kuma faɗuwa. Kima, wadda aka aro daga Larabci, asalinta farashi ne, kuma ba mai kaya ne kaɗai ke yanke farashi ba. Kwarjini shi ne ya fi kusa da abin da ido ke gani, amma Bahaushe bai ɗauke shi abin da ake ƙirƙira da gangan ba, shi ya sa wanda ya matsa wa kansa sai ya yi kwarjini ake ce masa mai jin kai ko mai hura hanci. Abin da ya haɗa waɗannan kalmomi shi ne, dukkansu a hannun wasu suke. Malami ba ya iya ɗaukar kima ya rataya wa kansa kamar alkyabba. Iyakarsa ya yi abin da zai sa ɗalibai su ba shi, ko ya yi abin da zai sa su janye.

A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, Anthony Kirk-Greene ya jero halaye irin su gaskiya da amana da haƙuri da hankali da kunya da adalci. Manazarta sun yi ta ƙari da gyara a kan jerin, amma abin sha'awa ga batun da ake kai shi ne, babu ko ɗaya a cikinsu da ake iya nunawa a cikin minti arba'in na darasi. Duk halaye ne da sai an zauna da mutum ake gane su.

A nan ne ra'in Erving Goffman, masanin zamantakewa da ya kwatanta rayuwar yau da kullum da wasan kwaikwayo a littafinsa na 1959, yake da amfani, kodayake ta hanyar da shi kansa bai nufa ba. A wurinsa kowane ma'aikaci yana da dandamali inda yake fitowa gaban masu kallo, yana kuma da bayan fage inda yake tuɓe kayan wasa ya huta. Malamin da ke koyarwa a wata makaranta a cikin birnin Kano, ya tashi ya hau mota ya koma wata unguwa mai nisa, yana da wannan bayan fage. Malamin Kausani da ke zaune a garin ba shi da shi. Ɗalibinsa na bayansa a sahun sallar Magariba, shi ne mai miƙo masa canji a teburin mai shayi, gonar ubansa na iyaka da tasa, ƙanwarsa ce ke kawo tallan ƙosai gidansa da safe. Idan malam ya yi faɗa da matarsa da daddare, kafin a buga ƙararrawar safe rabin aji sun ji. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Wannan ita ce ainihin matsalar malamin karkara, kuma da wuya a sami darasi guda a kanta a kwasa-kwasan NCE.

Abin ya fi sarƙaƙiya ga malami ɗan gari. A cikin ajinsa akwai mai ce masa Yaya a gida, akwai mai ce masa Kawu, akwai kuma taubashinsa, wanda al'ada ta ba shi lasisin yi masa ba'a a bainar jama'a. Malaman da suka iya zama da wannan sukan yi shi ne ta hanyar da ba a rubuta ba: suna barin wasan ya ci gaba a gidan biki da ƙofar gida, amma da zarar an shigo harabar makaranta suna ɗaya ne, kuma hukunci ɗaya ne ga ɗan ɗaki da bare. Yara suna saurin fahimtar wannan iyaka idan malamin bai taɓa tsallake ta don son ransa ba. Ranar da ya ɗaga wa ɗan yayarsa ƙafa a kan laifin da ya hukunta wani jiya, iyakar ta rushe, kuma ba ta sake ginuwa cikin wannan zango.

Malamin da ke zuwa daga Wudil ko daga Kano a kan babur matsalarsa akasin wannan ce. Yana da kwarjinin baƙo, babu wanda ya san cikinsa. Amma ba a ganinsa a jana'iza, ba a ganinsa a suna, iyaye ba su san fuskarsa ba, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowace rana ta zuwa aiki ta zama lissafi a aljihunsa. Ɗalibai sukan yi masa ladabi, amma ba sa kai masa damuwarsu. Idan yarinya ta daina zuwa makaranta, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya tambaya.

Tufafi, takarda da abin da ke cikin kai

Duk ɗalibin kwalejin ilimi da zai fita gwajin koyarwa ana ja masa kunne a kan shiga mai kyau da tsaftar littafin shirya darasi. Babu laifi a wannan. Malamin da ya shigo aji da silifa da riga a yamutse ya riga ya gaya wa yara yadda ya ɗauki aikin, kuma a Kausani kaftani wankakke da hula sun wadatar, ba sai an ɗaura wani abu a wuya ba. Laifin shi ne tsayawa a nan. Tarihin ilimi a ƙasar Hausa yana da misali mai kyau na matsayin alama. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, wato matan da ke jagorantar koyar da 'yan'uwansu mata a ƙauyuka, ta ba kowace malfa a matsayin shaidar muƙaminta. Malfar tana sa a gane jaji daga nesa a ba ta wuri. Amma ba a ba da ita sai ga wadda aka riga aka yarda da saninta da halinta. Alamar tana biyo bayan cancanta ne.

Malfar wannan zamani ita ce rajistar Majalisar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wato TRCN, wadda aka kafa da doka a 1993, da takardar NCE da manufar ilimi ta ƙasa ta mayar mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Waɗannan suna da muhimmanci a ofishin hukumar ilimi. Ɗalibin aji biyar kuwa bai taɓa ganinsu ba, kuma ba zai tambaya ba. Jarrabawar da yake yi wa malaminsa daban ce: idan an yi tambayar da ba ta cikin littafi, me ke faruwa? Lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017, ta sanar da cewa sama da dubu 21 sun faɗi tambayoyin aji huɗu, an yi ta muhawara a kan ingancin jarrabawar da adalcin korar da ta biyo baya. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, abu ɗaya ya tabbata: labarin ya shiga kowane gidan rediyo da kowace majalisar hira a Arewa, kuma tun daga nan zargin rashin sani ya rataya a wuyan kowane malamin firamare, har da wanda ya fi kowa ƙwarewa.

Maganin wannan zargi a cikin aji yana da arha, amma yana da nauyi a zuciya. Malamin da aka tambaye shi abin da bai sani ba yana da zaɓi uku: ya ƙirƙiro amsa, ya daka wa yaron tsawa, ko ya ce zai bincika ya dawo gobe, sannan ya dawo ɗin. Yawancin malamai suna ganin na ukun zubar da girma ne. Al'adar karatun zaure, wadda iyayen waɗannan yara suka fi sani, ba haka ta ɗauke shi ba. Malaman Malikiyya sun daɗe suna ba da labarin yadda Imamu Malik yake yawan cewa bai sani ba idan an tambaye shi, kuma suna kawo shi ne a babin yabo. Yanzu da wayar hannu ta shiga kusan kowane gida, amsar da aka ƙirƙira ba ta kwana. Yaron zai duba a wayar yayansa da daddare, gobe kuma ba zai ce komai ba, amma aji duka sun sani.

Akwai wata garkuwa da malamai da yawa ke fakewa a bayanta, kuma ta shafi masu karanta wannan mujalla kai tsaye, wato Turanci. Manufar ilimi ta 1977 ta tanadi koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare, amma a zukatan malamai da iyaye Turanci ya ci gaba da zama ma'aunin ilimi. Sakamakon shi ne malamin da ke kwafe bayani a allo cikin harshen da shi kansa bai gama mallaka ba, yara su kwafa ba tare da sun gane ba, wanda ya yi magana da Hausa a ci shi tara. Malamin yana jin ya kare kimarsa. Abin da ya samu a zahiri shi ne nisa, kuma nisan yana ƙarewa ranar da wani ɗalibi ya fi shi Turanci. Wanda ya iya warware ma'anar kashi cikin ɗari da misalin buhun gero da la'adar dillali a kara, sannan ya ba da kalmar Turancin da za a tarar a jarrabawa, shi ne ake tunawa bayan shekara ashirin.

Malamin Hausa kuwa yana da nasa kashin na musamman. A makarantu da dama darasin Hausa shi ne wanda ake miƙa wa duk wanda jadawalinsa ke da gurbi, bisa tunanin cewa duk mai jin harshen zai iya koyar da shi. Ɗalibai suna ganin haka, sai su ɗauki darasin lokacin hutu, su ɗauki malaminsa wanda bai samu wani abin yi ba. Wanda ya karanci Hausa na haƙiƙa yana da hanya ɗaya ta fita daga wannan rami, wato ya nuna tun makon farko cewa akwai abin da ya sani game da harshen wanda ɗalibai ba su sani ba duk da cewa da shi aka yi musu tatsuniya: karin sauti da tsawon wasali da ke raba kalmomin da rubutu ya haɗa, dalilin da ya sa ake raba wasu kalmomi a haɗa wasu, awon baitin waƙa. Malamin Hausa da ke rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa a allo ya sa hannu a kan hukuncin da aka yanke masa. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i da kwalejoji, waɗanda ke yaye waɗannan malamai, suna da alhaki a nan wanda ba za su iya turawa ma'aikatar ilimi ba.

Inda kimar ke tsiyayewa

Ana yawan cewa malamin da ɗalibansa suka gan shi yana wata sana'a ya zubar da girmansa. Wannan ra'ayi na ma'aikatan ofis ne, kuma bai yi daidai da tarihin malanta a ƙasar Hausa ba. Alarammomi da malaman zaure sun yi noma, sun yi ɗinkin hula, sun yi fatauci, babu wanda ya raina su don haka. A ƙarshen 2024 Jihar Kano ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira dubu 71, kuma duk mai iyali ya san kwana nawa wannan ke kaiwa. Malamin Kausani da ke noma gonarsa da yamma, ko yake kiwon tumaki ya kai kara, ba ya rasa komai a idon ɗan manomi. Hasali ma yana iya ƙaruwa. Inda ɓarnar take shi ne wurin da sana'ar ta ci lokacin aji, ko ta ci gumin ɗalibi. Malamin da ba a ganinsa ranar kasuwa, ko wanda ke kwasar yara zuwa gonarsa cirar ciyawa da sunan aikin gona na makaranta, ko mai aiken yarinya ɗebo ruwa a gidansa ana tsakiyar darasi, ya mayar da kansa mai cin moriyar yaran da aka ba shi amana. Za su yi aikin ba musu, domin al'ada ta hana su ƙi. Ladabin da ake gani a fuskarsu a lokacin ba shaida ba ce ta komai.

Bashi ma haka yake. Malamin da sunansa ke cikin littafin bashi na mai kanti, alhali ɗan mai kantin na zaune a layin gaba, ba shi da cikakken 'yancin ba yaron makin da ya cancanta. Wannan ba laifin ɗabi'a ba ne, talauci ne, amma sakamakonsa a aji ɗaya ne. Shi ya sa jinkirin albashi da na ƙarin girma suke da illa fiye da yunwar da suke jawowa: suna sa malami ya zama mai neman alfarma a wurin mutanen da ya kamata ya iya gaya wa gaskiya game da 'ya'yansu.

Satar jarrabawa ta fi duka ban takaici, domin tana zuwa ne a rigar taimako. Malamin da ya rubuta amsa a allo ranar jarrabawar WAEC ko NECO ɗalibai za su yi ta shi masa albarka, iyaye ma su gode. Ya sami ƙauna, amma ya gaya wa yaran abu biyu a lokaci guda: cewa abin da ya koya musu shekara uku bai isa ba, da cewa gaskiyar da yake yi musu wa'azi a taron safe tana da farashi. 'Yan ajin da ke biye sun ji labari, kuma daga wannan shekara ba su da dalilin saurarensa.

Game da bulala, muhawarar ta daɗe kuma ba nan ne wurin warware ta ba. Abin da ya shafi batun kima shi ne rikita tsoro da kwarjini. Ajin da ke yin tsit idan malam ya shigo, ya kaure da ihu da zarar ya juya baya, tsoro ne ke riƙe da shi. Yara ba su cika ƙullatar malami mai tsanani ba idan sun san dokar tun farko kuma ta hau kan kowa. Abin da ba sa mantawa shi ne gori da zagin iyaye, da bambanci tsakanin ɗan mai unguwa da ɗan wanda ba kowa ba. Mutunci a Hausa hanya biyu ce, kuma malamin da ya ci na yaro a gaban sa'o'insa ya buɗe ƙofar da za a shigo a ci nasa.

Mafi nauyi shi ne amanar 'ya'ya mata. A karkara, uban da ya bar 'yarsa ta wuce firamare zuwa ƙaramar sakandare yana yin haka ne sau da yawa a kan adawar wasu daga cikin danginsa, kuma jarinsa kaɗai shi ne yardar da ya yi wa malamai. Jita-jita guda ta malami da ɗaliba, ko da ba ta tabbata ba, tana iya fitar da yara mata da yawa daga aji, kuma ba wanda zai rubuta dalilin a rajista. Saboda haka nesantar keɓewa da ɗaliba, da nesantar hira da ita ta waya ko ta WhatsApp, ba tsattsauran ra'ayi ba ne. A nan kimar malami guda ita ce ke riƙe da ƙofar makarantar a buɗe. Wannan ma na daga cikin dalilan da suka sa kasancewar malama mace a makarantar ƙauye take da tasirin da ya wuce darasin da take koyarwa.

Wayar ta kuma ƙwace ɗan abin da ya rage na bayan fage, har ga malamin birni. Abin da malam ya rubuta a Facebook na zagin 'yan wata jam'iyya, ko bidiyon da ya ɗora a TikTok, ɗalibansa sun gani kafin abokansa. A jihar da siyasa ke raba gida ɗaya gida biyu, malamin da ya shigo aji da alamar ɓangarensa ya rasa rabin ajin kafin ya buɗe baki.

Za a iya cewa duk wannan ɗora wa mai rauni kaya ne. Yaya za a nemi kamala daga mutumin da ke fuskantar yara fiye da ƙarfin muryarsa, wasu a zaune a ƙasa, ba alli isasshe? Ƙorafin yana da tushe, kuma gwamnatin Kano da kanta ta amsa shi lokacin da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. Amma gina azuzuwa da raba kujeru ba su taɓa wani ɓangare na matsalar da hukuma ce ke haddasa shi kai tsaye, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo. Jami'in duba makarantu da ya shigo aji ya yi wa malami faɗa a gaban ɗalibansa ya rushe a minti biyar abin da aka shekara ana ginawa. Shugaban makarantar da ya soke hukuncin malami don uban yaro mai faɗa-a-ji ne ya koya wa yara inda iko yake. Ɗaukar aiki ta hannun ɗan siyasa kuwa ba sirri ba ne a ƙaramin gari, kowa ya san wanda takardarsa ta kawo shi da wanda ubangidansa ya kawo shi, kuma yara suna jin hirar manya. Canjin wurin aiki barkatai shi ma yana da nasa rabon, tunda irin kimar da ake magana a kai shekaru take ɗauka kafin ta yi saiwa.

Kwalejojin ilimi na iya farawa daga gwajin koyarwa. Maimakon mai duba ɗalibi ya zo sau ɗaya ko biyu ya ba da maki a kan riga da littafin darasi, a tura ɗalibin ya zauna a garin tsawon zangon, a haɗa shi da tsohon malamin da garin ya yarda da shi, a kuma tambayi shugaban makaranta da kwamitin iyaye yadda ya zauna da mutane. Tsofaffin malaman da suka fito daga kwalejojin horon malamai irin ta Wudil suna nan da ransu a garuruwan yankin, sun yi ritaya, kuma abin da suka sani game da zama malami a cikin dangi da maƙwabta ba ya cikin kowane littafi.

Ga manazarta Hausa kuma akwai wata taska da ba a cika waiwaya ba, wato sunayen da ɗalibai ke kiran malamansu da su. A gaban ido akwai sauyin da ake gani daga "Malam" da "Malama" zuwa "Anti" da "Ankul" a makarantun kuɗi, wanda ya cire malami daga sahun masu ilimi ya sa shi a sahun masu reno. A bayan ido kuma akwai laƙabi. Kusan kowane malami yana da shi, kuma shi ne na ƙarshe da zai ji. Wani daga kalmar da yake yawan maimaitawa aka ciro nasa, wani daga bulalarsa, wani daga rigar da ba ya sauyawa, wani kuwa sunan darasinsa ne ya zame masa suna saboda ya iya shi. Ana gadon waɗannan laƙubba daga aji zuwa aji, wani lokaci har su bi mutum zuwa ritaya. Takardun auna ƙwazon malamai da hukuma ke cikawa ra'ayin manya suke ɗauke da shi, laƙabi kuwa hukuncin ɗalibai ne da suka yanke ba tare da tsoron kowa ba. Mai binciken da zai zauna da tsofaffin ɗaliban makarantun Kausani da Darki da Utai, ya tattara laƙubban malamansu na shekaru talatin ko arba'in tare da dalilin kowanne, ya sakaya sunayen masu su, zai iya nuna da hujja waɗanne halaye ne yaran karkarar Kano suka girmama, waɗanne suka yi wa dariya, da kuma ko ma'aunin ya sauya tsakanin zamanin shirin UPE na 1976 da yau.